Uwar da Ba Ta Lasar Ɗanta

Ni Datti ɗan Ɗayyabu, shekarata saba'in da huɗu, sittin daga ciki a bayan dabba na yi su. Ban taɓa zama a aji ba. Amma shekarar annobar bushiya, da shanu suka riƙa zubewa a ƙasar Lere, masu garken ɗari suka koma gida da sanda kaɗai, ni na fito da saniya goma sha ɗaya a tsaye. Bijimi ya taɓa ɗaga ni da ƙaho, tabon yana nan a haƙarƙarina. Shi aka yanka, ni ga ni. Kububuwa ta sare ni sau biyu. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ji abin da ya faru ya ɗauka ban san dabba ba.

'Yata Hafsatu ce ta kawo ni Kuala Lumpur. Karatun likitan dabbobi ta zo ƙarowa, ta auri wani ɗan ƙasar mai suna Zaid, ta zauna. Da mahaifiyarta ta rasu, ta ce ba zan zauna ni kaɗai ba. Aka ɗora ni a jirgi, aka sauke ni a Wangsa Maju, bene hawa na goma sha tara. Wata huɗu na yi a wurin. Ba ƙasa, ba turke, ko kaza babu. Ƙafafuna suka kumbura, abinci ya daina shiga. Abin da bushiya da kububuwa suka kasa yi, kujera mai laushi ta kusa gamawa.

Ganin haka suka mayar da ni gonarsu ta bayan gari, wajen Hulu Langat, filin mahaifiyar Zaid. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano, sai dabbobi takwas da ake kira alfaka. Wuyan raƙumi, gashin tunkiya, idon budurwa, halin mai sabon kuɗi. Ba a hawanta, ba a tatsarta, ba a yanka ta. Na tambayi Zaid amfaninta, ya ce mutanen birni suna kawo 'ya'yansu Asabar da Lahadi su ba ta ciyawa su ɗauki hoto, gashin kuma a sayar. To.

Dabbar ƙasar sanyi ce aka kawo ta inda mutum ke gumi yana cikin wanka, saboda haka shekara take zagayowa muna yi musu bauta. Daga Nuwamba ruwa ne kullum bayan azahar, sai duba ƙafa da canza shimfiɗa. Ruwa na ɗaukewa zafi ya sauko, a kwantar da su a aske su tas, su tashi kamar figaggun kaji suna hararar mutum. Fanka huɗu ke juyawa a kansu, da tsakar rana a fesa musu ruwa a ciki da ƙafa. Ni da ban kwanta a ƙarƙashin fanka ba sai da na haura sittin. Duk da haka a wata guda kumburin ƙafata ya saɓe, na koma cin kwano biyu.

Sau ɗaya muka samu matsala. Na ga namijin cikinsu ya yi sanyi, na jiƙa masa kanwar da na taho da ita daga gida. Kwana uku yana zawo. Ni na san wankin ciki ne, amma Hafsatu ta zaunar da ni kamar ita ta haife ni.

"Baba, waɗannan ba shanunka ba ne. Ka sake yi wa dabba magani ba ka kira ni ba, Wangsa Maju za mu koma. Ba wasa nake ba."

Na san ba wasa take ba. Fuskar uwarta ta yi.

Ana saura kwana goma Ƙaramar Sallah, da safe, suka shirya shiga Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi, ita da Zaid da mahaifiyarsa. Cikin alfakan akwai wata farar mace mai suna Melati, cikinta na fari, ta kusa shekara tana ɗauke da shi kamar jaka. Na duƙa na dubi hantsarta na ce, "Hafsatu, wannan ba za ta kai jibi ba."

"Saura sati biyu, Baba. A rubuce yake."

"Ita ta karanta rubutun?"

Ta yi dariya ta shiga mota. Zaid ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, boleh?" wato zan iya. Na ce masa boleh tun ba a haifi ubansa ba. Bai ji Hausar ba, ya ɗaga mini babban yatsa suka tafi.

Hantsi na dubawa Melati ta fara zarya. Ta kwanta, ta tashi, ta yi wannan gunjin nasu mai kama da mai ciwon haƙori. Ban taɓa ta ba. A tsaye ta haihu, ɗan ya sulɓo ya faɗo kan ciyawa, namiji, launin shayi da madara, duk ƙafa da wuya. Sauran matan suka taru suna shinshinarsa kamar 'yan barka. Ita ma ta sunkuyo ta shinshina, ta yi gunji, sai ta juya ta kama cin ciyawa.

Na jira ta lashe shi. Ba ta lasa ba.

A shekara sittin na ga haihuwar saniya, da tunkiya, da akuya, da goɗiya, da karya, da kyanwa. Duk uwar da ke son ɗanta da harshe take fara gaishe shi. Wadda ba ta lasa ba ta ƙi shi ke nan, kuma ɗan da bai sha dakashi, nonon farkon nan, kafin rana ta juya ba, sai dai a haƙa masa rami. Kowane makiyayi ya san wannan, kuma ya san maganinsa. Wayata tana aljihuna, na taɓa ta ma. Amma na ce a raina gishiri ai ba magani ba ne, abinci ne. Kuma yarinyar da ta ce sati biyu, me za ta gaya mini daga cikin kantin yadi?

Na ɗebo gishirin miyata cikin tafin hannu, na goge masa baya da wuya da kai. Da wannan dabarar na shirya uwaye da 'ya'yansu sun fi ɗari. Na tura shi gabanta. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta ja da baya tana kallona kamar na kawo mata ɗan wani.

Na ce to, ke mai taurin kai ce, na ga irinki. Saniyar da ta ƙi ɗa, a killace su su biyu, a yi mata dabaibayi, a sa masa nono a baki. Na ɗauki ɗan na kai ɗakin ajiyar ciyawa, na dawo na sa mata igiya na ja ta. Da ƙyar. Ina rufe ƙofa, ta ga ba ta ganin 'yan'uwanta, sai ta ɓarke da wani irin ihu da ban san yana cikin dabbar ba. Na kai igiya ƙafarta ta baya, ta gurfana kamar raƙumi, ta danne hantsar a ƙarƙashinta. Na ɗaga, ta ƙi. Na lallaba, na yi mata kirarin da nake yi wa shanu. Ta kwantar da kunne, ta ɗaga baki sama, ta feshe ni.

Ba yawu ba ne. Daga can cikin tumbi take ɗebo shi, kore, mai warin da zai tashi matacce. Ya cika mini gemu da ido, ga ni da azumi a baki, ko kurkurewa sai da dabara. Bijimin da ya ɗaga ni ma ya mutunta ni fiye da haka.

Ina goge ido na waiwaya wajen ɗan. Ɗakin kwano ne, ba fanka, rana ta take. Ya miƙe wuyansa a ƙasa, hancinsa na buɗewa yana rufewa da sauri. Na san wannan kwanciyar. Ita kam iri ɗaya ce a kowace dabba.

Na tsaya da wayar a hannu. In na kira, ga igiya, ga gishiri, ga hawa na goma sha tara. In ban kira ba, ban da sauran dabara ko ɗaya. Na danna hoton Hafsatu.

Fuskarta ta fito, bayanta hayaniyar kasuwa da yadudduka a rataye.

"Baba, mene ne wannan a gemunka?"

"Bar gemuna. Melati ta haihu, kuma ta ƙi ɗan. Ko sau ɗaya ba ta lashe shi ba."

"Ba sa lasa."

"Wa?"

"Alfaka. Ba sa lasar 'ya'yansu, harshensu ba ya fitowa da nisa. Iska ce ke busar da su. Juya wayar in gani."

"Wace irin uwa ce Allah zai ba ɗa ya hana ta harshe?"

"Baba, mu yi wannan shari'ar daga baya. Juya wayar."

Na juya. Ta ga komai. Na ji ta faɗa wa Zaid wata magana da yarensu, na ji sun fara gudu.

"Farin nan da ke bayansa fa?"

"Gishiri ne. Kaɗan."

"Cire mata igiyar. Buɗe ƙofa ta koma cikin 'yan'uwanta. Ka wanke shi da ruwa, ka goge da tawul, ka kai shi rumfa kusa da ita inda fanka ke kaiwa. Sai ka jingine wayar a jikin shinge tana kallonsu."

Na yi duka. Iska na taɓa shi ya ɗaga kai. Na ce, "Sai me?"

"Sai ka ja kujera, ka ƙirga taku ashirin, ka zauna."

"In zauna in yi me?"

"Ka zauna kawai."

A duk wahalar da na sha a duniya ban tuna wadda ta kai ta wannan kujerar ba. Ɗan ya yunƙura, ya miƙe, ya kife. Ya sake, ya kife. A na huɗu ya tsaya, ƙafafu a warwatse, ya nufi uwar, sai ya kama tsotsar ƙirjinta ta gaba inda babu komai. Daga nan ya koma tsotsar ginshiƙin rumfa. Ya je wajen wata baƙa da ba uwarsa ba, ta ture shi. Wawa ɗan wawuya. Da hannu ɗaya zan kama haɓarsa in kai shi inda abin yake, aikin ƙiftawar ido. Na ɗan ja kujerar gaba.

Wayar ta yi magana daga jikin shinge. "Baba, ina ganin ƙafarka."

Na mayar da ƙafata.

Har aka yi kiran azahar a masallacin ƙauyen muna nan. Melati ta zo ta tsaya a kansa, ta shinshina wutsiyarsa, ta yi atishawa saboda sauran gishirin, amma ba ta tafi ba. Ta yi gunji, ya amsa da ƙaramar murya. Ya bi cikinta da hanci a hankali, ya wuce wurin, ya dawo. Sai na ga wuyan ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashinta, 'yar wutsiyarsa ta ɗaga sama. Daga taku ashirin ina jin tsotson.

Cunkoson hanya ya riƙe su sai kusan la'asar suka iso, ba yadi ko ƙyalle. Hafsatu ba ta gaishe ni ba. Ta duba idon ɗan da bakinsa, ta sa wa cibiyarsa magani, ta auna shi, ta duba uwar. Sannan ta zo ta tsaya a gabana da igiyar a hannu.

Na riga ta. "Gishiri abinci ne."

"Igiyar ma abinci ce?"

Na mayar da idona kan ɗan.

"Baba, da ka ƙara rabin awa a ɗakin can, da gawarsa muka tarar."

"Amma na kira."

"Ka kira." Ta daɗe tana naɗe igiyar a hannunta. "Kana sane da abin da na ce zan yi, ka kira."

Mahaifiyar Zaid, Khaulah, tsohuwa ce 'yar firit mai carbi, tana zaune a bakin rumfa tana kallon ɗan. Ta yi wata doguwar magana da yarensu ba ta ko dube mu ba. Zaid ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na ce a fassara mini.

Hafsatu ta ce, "Wai filinta ne, kuma ba ta ga wanda zai bar mata dabbobi tara a hannun masu lissafin sati biyu ba. Wai kuma ka je ka wanke gemunka, har nan tana jin warin."

Ban koma Wangsa Maju ba. Amma Hafsatu ta kwashe igiyoyin gonar duka ta zuba a bayan mota, ta ɗaura wa wayata zare ta rataya mini a wuya kamar laya. Akwai alfaka mata biyu da za su haihu bayan Babbar Sallah, kuma an riga an gaya mini aikina. Zaid ya auna taku ashirin daga rumfa, ya shafa farin fenti a ƙasa. Mutumin da ya fitar da saniya goma sha ɗaya daga bushiya, yau fenti ke gaya masa inda zai tsaya.

Ɗan kuwa ya yi ƙiba, yana tsere da inuwarsa kowace yamma. Ranar Asabar mutanen birni sukan tambaya wa ya karɓi haihuwarsa. Ƙirjina nake nunawa. Ai ni kaɗai ne a wurin.