Ɗan Aiken Anti

Layi goma sha bakwai ne kacal, amma a kansu Anti ta yi shekara huɗu tana kallon abokan aikinta sheƙeƙe.

Kamfanin nasu manhaja yake yi, irin wadda masu jaridu da masu shaguna ke ɗora shafukansu na intanet a kai. A cikin manhajar akwai ƙananan rubuce-rubuce da ake tura su yi abu ɗaya su dawo da sakamako, a ofishin ana ce musu 'yan aike. Na Anti, mai layi goma sha bakwai ɗin nan, aikinsa ya yanko farkon labari ya ajiye a shafin gaba, don mai karatu ya ɗanɗana kafin ya shiga ciki. Tun a sigar manhajar ta farko ta rubuta shi, lokacin su huɗu ne a ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara. Alfaharinta shi ne ɗan aikenta ba ya katse magana. Zai ƙirga kalma arba'in, in jimla ba ta ƙare ba sai ya jira ta ƙare. Ita a wajenta tarbiyya ke nan.

Sigar farko da ta biyu duk ya yi su cikin mutunci. Sannan aka ɗauko Mai Gilashi.

Mutum ne dogo, ba ya ɗaga murya, kullum da abin jin sauti a kunne kamar mai tuƙin jirgi. Anti ta tsane shi tun kafin ya zauna. Ko wata uku bai yi ba ya rubuta nasa ɗan aiken, wanda zai ƙirga harafi ɗari biyu ya datse, ko a tsakiyar kalma ne, ya jera ɗigo uku ya wuce. Wai don akwatunan labarai su yi daidai da juna a fuskar waya. Manaja ya gani ya yi ta kaɗa kai kamar ƙadangare. Shi dai Manaja a nuna masa abu a jere reras, ko babu ma'ana a ciki, an gama da shi.

"Wannan ai aikin mahauci ne," in ji Anti a taro.

"Anti, ya fi sauri sau shida," Mai Gilashi ya ce cikin ladabi. Ladabin nan nasa ya fi komai ƙona mata rai.

A ofishin ba a kashe abu kai tsaye, sai an ja masa rai. A siga ta uku aka manna wa ɗan aiken Anti gargaɗi a ka: an daina yayinsa, a koma ga sabon. Yana nan yana aiki, sai dai duk wanda ya kira shi za a ja masa kunne. A siga ta huɗu aka ƙwaƙule cikinsa kaf, aka bar layi ɗaya tak, wanda ke miƙa aikin ga na Mai Gilashi. Suna na Anti, wuƙa ta wani. Ranar ta yi tsaki har mai shara ta waigo.

Duk da haka sunan yana nan, kuma muddin yana nan, teburinta na hawa na uku yana nan. Ita ce mai kula da tsofaffin kaya, don kada shafukan da aka gina tun da can su rushe. Ɗaya bayan ɗaya aka share sauran tsofaffin, har ya rage nata kaɗai.

Da aka zo shirya siga ta biyar, Manaja ya kira taro ranar Litinin da hantsi. Ya gyara murya sau biyu, ya ce lokaci ya yi. Za a goge ɗan aiken, ita kuma Anti za ta sauka ƙasa, sashen amsa saƙonnin masu amfani da manhaja. Wato wurin da ake wuni ana gaya wa mutane yadda za su sake kalmar sirrin da suka manta.

"Shekara goma sha ɗaya, sai ka mai da ni mai amsa sallama?" ta ce.

"Ba haka ba ne, Anti. Ƙwarewarki ake buƙata a can."

"Ajiye daɗin bakinka. Kun san shafuka nawa ne ke kiran sunan nan? Ku goge ku gani. Shafi zai buɗe fari fat, ba labari ba hoto. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Mai Gilashi ya cire abin kunnensa. "Mun duba, Anti. Ba mu ga..."

"Kun duba ɗakinku, kun ce duniya babu kowa."

Manaja ba ya son rigima, ya fi son a ce masa mai adalci. Ya ce to, sati biyu. In ƙorafi ko guda ɗaya ya shigo a kan gogewar, za a mayar da ɗan aiken, ita ma ta zauna inda take. In babu, shi ke nan. Kuma bisa al'adar ofishin, wanda ya rubuta abu shi ke goge shi da hannunsa. Suka kewaye teburinta suna murmushi irin na masu zuwa gaisuwa don a gan su. Ta danna, ta miƙe ta tafi haɗa shayi, ba ta kalli kowa ba.

Siga ta biyar ta fita ranar Laraba. Anti ta buɗe akwatin ƙorafi ta zauna ta harɗe hannu, tana jiran guguwa. Har ta tanadi fuskar da za ta yi musu.

Alhamis ƙorafi tara suka shigo. Bakwai na kalmar sirri, biyu na launin maɓalli. Sati ya zagayo, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ta ce mutane ne ba su sabunta manhajarsu ba tukuna, malalata. Mai Gilashi kuwa sai ma ya fara riƙe mata ƙofa, abin da ta ɗauka a matsayin zagi.

Ranar ƙarshe, da tsakar rana, ta fita kan matakala da wayarta. Tsoro ne ya kama ta, na gaske. Ta kira ƙanenta, autansu, mai shagon littattafai. Ita ta gina masa shafi da hannunta shekara tara da suka wuce, kuma ta san sunan ɗan aikenta na cikinsa wuri uku.

"Auta, ka sabunta manhajarka?"

"Tun makon jiya, Yaya. Lafiya?"

"Shafin bai lalace ba?"

"Garau yake." Sai ya tuna. "Af, tsohon abin nan kike nufi? Ai tun da gargaɗin ya fara fitowa maman yara ta canza shi. Ko minti biyar ba ta yi ba. Ban gaya miki ba ne don na san halinki."

Anti ta jingina da bango. Ta ji kunyar abin da za ta faɗa tun kafin ta faɗa, amma ta faɗa.

"Ka rubuta musu ƙorafi. Yau, kafin ƙarfe biyar. Ka ce shafinka ya samu matsala."

"To, Yaya. In kin ce a yi, a yi. Bari in ɗauko biro." Ta ji yana jan durowa. "Me zan ce ya lalace?"

Ta buɗe baki. Ta laluba shekara goma sha ɗaya, tana neman abu ɗaya da wani mahaluki zai rasa saboda an goge layin nan, wanda za ta iya faɗa wa ƙanenta ya rubuta. Daga sama tana jiyo dariyar 'yan ofis, ba ma da ita suke ba.

"Yaya? Kina ji na?"

"Bar shi," ta ce. "Ka gaishe da yara."

Ba ta koma sama ba sai da ta leƙa sashen amsa saƙonni. Akwai tebur ɗaya babu kowa, kusa da injin buga takarda, kuma har an goge masa ƙura.