Baƙar Takardar Sista Kaltume

Ku gafarce ni da na yi karambanin ɗaukar alƙalami. Karatun littattafan wasu na iya, ban taɓa rubuta nawa ba, kuma sau huɗu ina yaga wannan shafi. Sai dai abin da ya faru a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad ya hana ni yin shiru.

Ranar suna ce, da hantsi, a gidan Injiniya Zayyanu da ke hawa na uku. Maza na falon waje da dabino da gahawa, suna jiran a raɗa suna. A ɗakin mata kuwa al'amari ya cije. Mai jego, Bilƙisu, ta ce sunan mahaifinta take so a sa wa yaron, Gwaggo Rabi, yayar mahaifin Zayyanu, ta ce sam.

"Ni ban ƙi ki ba, 'yar nan," in ji Gwaggo, tana gyara gilashinta. "Amma duk sunayen duniya a rasa na sawa sai na wanda ya kashe kansa? Rediyo ta faɗa, jarida ta buga. Ina koyar da Turanci a lokacin, da idona na karanta."

Bilƙisu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanen jaririn.

Sista Kaltume na zaune kusa da ƙofa, ta rungume jakarta. Ita ce nas ɗin da ta karɓi haihuwar, shekararta goma sha tara tana aiki a Riyad. Ranar da ta ga sunan a katin asibiti, Bilƙisu Nuru Maiwada, sai da ta dafa bango. Malam Nuru Maiwada shi ne shugaban jam'iyyar manoma a jiharsu. Sojoji suka tsare shi, bayan kwana uku aka sanar wai ya fizge bindigar mai gadi ya harbi kansa. Limamin unguwarsu ma ƙin sallatarsa ya yi. Shekara ashirin da huɗu ke nan, kuma duk tsawonsu Kaltume ba ta gaya wa ko mijinta abin da ta gani ba.

"Hajiya," ta ce wa Gwaggo. "Ina cikin ɗakin lokacin da aka yi binciken gawarsa."

Gwaggo ta juyo ta dube ta.

"Ke kuma daga ina, Sista? Allura muka sani ki da ita, ba shari'a ba."

"Ni na riƙe biro. Likita na faɗa, ina rubutawa. Ya juya gawar, ya ce in rubuta harsashi biyu. Ɗaya a ƙarƙashin allon kafaɗa, ɗaya a ƙeya, duka ta baya suka shiga. Ya ɗaga hannayen, ga shatin igiya a wuyan kowanne. Hajiya, ke da kika yi karatu, yaya mutum zai harbi bayansa sau biyu yana ɗaure?"

"Baki ne wannan," in ji Gwaggo. "Ina rahoton?"

"Wani hafsa ya karɓe, da asalin da kwafi biyu, ya cinna musu ashana a cikin kwanon wanke hannu. Ya ajiye bindiga a kan tebur, likita ya sa hannu a wata takardar."

"To, kin gani."

Kaltume ta buɗe jaka. Ta ciro ambulan, ta zaro wata baƙar takarda sirit, irin ta kabon da ake sawa tsakanin shafuka don rubutu ya fito a ƙasa.

"Likitanmu mutum ne mai tsirfa," ta ce. "Ya tsani kwafi mai dishi-dishi, don haka kowane rahoto sai da sabon kabon. Mukan zage shi a bayan ido saboda ɓarna. Wannan sau ɗaya tak aka yi rubutu a kansa. Hafsan bai ɗauke shi takarda ba, ya ture shi ƙasa. Na taka da ƙafa, da suka fita na cusa a hular aikina."

Ta miƙe, ta yaye labule. Ranar Riyad ta faɗo ɗakin. Ta manna takardar a jikin gilashin taga, sai ga rubutu ya fito fari tas, layi bayan layi, har da kwanan wata da sa hannun likita.

"Bismillah, malamar Turanci."

Gwaggo Rabi ta taso da ƙyar. Ta kai hanci kusa da taga, ta fara karantawa a hankali, tana fassara wa mata. Da ta iso wajen igiyar sai ta tsaya, ta cire gilashi, ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta ƙarasa har ƙasa. Daga nan ta juyo.

"Bilƙisu, ki yafe mini. Ashe shahidi ne." Ta ɗaga murya har falon waje. "Zayyanu! Me kuke jira ne? Yalla, a raɗa wa yaro suna. Nuru ne!"

Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta amsa, aka manta da maƙwabta Larabawa da ba sa son hayaniya. Bilƙisu na kuka tana dariya, ta ɗaga jaririn saitin taga tana cewa, "Abbana, Abbana." Mata suka fiddo wayoyi suna ɗaukar hoton takardar, kowa na faɗin wanda za ta fara tura wa a gida. Zayyanu ya leƙo yana tambayar me ya faru, mata biyar suka hau ba shi labari lokaci guda.

Kaltume ta ji ƙirjinta sakayau, kamar ta sauke tulu. Ta bar musu takardar. Ta lalubo takalmanta a cikin tarin da ke bakin ƙofa, ta ja abayarta, ta sulale ta matakala ba tare da ta jira lif ba. Tana hawa na ɗaya ta jiyo Gwaggo daga sama tana tambaya, "Wai ina Sista ta shiga ne?"