Lamba Takwas

Lambobi uku kacal maƙwabcinsu Reinier, mai raba wa mutanen bene intanet ta waya, ya ware wa gidan su Yaimara: takwas, tara da goma. Kowace kwamfuta da lambarta, wato adireshinta na IP, in biyu suka haɗu a lamba ɗaya, to duk sun kurmance. Yaimara ta raba kamar mai rabon alewa. Ita tara, Gwaggo Migdalia goma, mahaifinta Eusebio takwas.

Nan fa ake yin ta! A garinsu Cienfuegos ko ɗan yaye ya san kowace lamba da abin da take nufi a wajen masu fassara mafarki. Tara giwa ce, goma babban kifi. Takwas kuwa gawa.

"Ni za ki liƙa wa gawa? Ni da na haife ki?"

"Baba, lamba ce kawai. Kwamfuta ba ta mafarki."

"Ita ba ta yi, ni ina yi."

Ya roƙi ƙanwarsa su yi musanya. Gwaggo ta ce ko a lahira ba ta sakin kifinta, da shi take kallon fim ɗinta lafiya lau.

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe Yaimara ke da ganawa ta bidiyo da wata jami'a a Mexico, kan gurbin karatun da ta shekara biyu tana bi. Minti ashirin suka ba ta, babu daɗi babu ragi. Ta sha kofi, ta gyara gashi, ta kunna kwamfuta saura minti shida. Shiru. Sai wani ɗan saƙo a gefe: wata na'ura na amfani da adireshinki.

Ta faɗa ɗakin tsohon, ta same shi yana buga wasan domino a kwamfuta da abokansa na bene, wasan na tsayawa yana tafiya, shi kuma yana ta zagin Reinier. Ashe ranar da take saitin yana bayanta yana haddacewa, mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran wayar tarho. Ya hau giwa abinsa.

"Baba! Lambata ka ɗauka?"

"Giwa babba ce, 'yata, ta ishe mu mu biyu."

Haushi ya hana ta dariya. Saura minti uku, babu lokacin gardama da mai taurin kai irin nasa.

"Riƙe giwarka. Ni zan ɗauki takwas ɗin."

Ta juya ke nan ya cafke mata hannu. Wasan ya fita daga fuskarsa gaba ɗaya, tsoro ne zalla.

"Yau? Ki shiga gaban mutanen nan da gawa a kanki? Ina!"

"To kashe kwamfutar mana."

"In kashe, takwas ɗin ta zauna babu mai ita, gobe ki ɗauka? Na san ki."

Ya gyara tabarau, ya laluba saitin da yatsa ɗaya, ya goge tara, ya danna takwas. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

"Je ki. Shekarata saba'in da huɗu, ni da gawa mun saba gaisawa."

Ta ruga. Allon ya buɗe, fuskoki uku na jiranta. Ta gaishe su tana share ido da bayan hannu.