Allurar Garmahon Illo

A shekarun da Faransawa ke naɗe tabarmarsu, duk Tamanrasset babu mai garmaho irin na Illo Badamagare. Namijin duniya ne, irinmu na da, wanda ƙishirwa ta kwantar da abokan tafiyarsa a hamada shi ya iso da ƙafarsa. Faifai ɗaya gare shi tak, muryar ƙanensa Mati mai gurmi, wadda wani Bature ya ɗauka a Damagaram kafin sanƙarau ya tafi da Mati. Kabarin ya yi nisa. Faifan nan shi ne ziyarar.

Sai dai muryar tafe take da wani shuu, kamar ana soya gyaɗa.

Tasi'u mai kanti ya ce, "Baba Illo, allurar garmahonka ce ta talakawa. Ga ta manya, mai ruwan zinariya, daga gidan wani kumandan Faransawa."

Illo ya ba da akuyarsa mai ciki, ya karɓo.

To, ƙa'idar garmaho, kowace waƙa da sabuwar allura. Matarsa Hajjo ta tuna masa.

"Wancan ƙarfe ne, Hajjo. Zinariya tana tsufa? Ni da na sha fitsarin raƙumi na rayu za a koya wa sauti?"

"Shi ya toshe maka kunne, Malam."

Bayan la'asar ya tara abokai, ya wana, ya ɗora. "Kun ji? Har numfashinsa!"

Dabo mahauci ya karkata kai. "Ni dai gyaɗar nake ji, sai dai yau ta masu hali ce."

Illo ya sake ɗorawa. Kullum sai ya ɗora, don Dabo ya yarda. Bakin allura ya dushe, wani baƙin gari kamar ƙura ya riƙa taruwa a kan faifan. Illo ya hure shi yana taƙama. "Kun gani? Dauɗa take fitarwa!"

Ashe Mati ne yake hurewa.

Sautin gurmin ne ya fara ɓacewa. Sannan baitin da Mati ke kiran sunan uwarsu. Ranar da Illo ya sauko ya mayar da allurar ƙarfe, babu abin da ya fito sai iska.

Ya wana duk da haka, ya ɗauki waƙar da muryarsa ta tsoho. A tsakiya ya tsaya.

"Hajjo, me yake cewa bayan nan?"

"Ban riƙe ba, Malam. Na ɗauka kullum yana nan."