Auta da Jaririn Yaya

Tun da Yaya ta haihu, abu ɗaya Auta take so a duniya, a ɗora mata yaron nan a hannu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, don ko matar mai gidan haya da ta leƙo sau ɗaya sai da aka ba ta ta ɗauka.

Auta budurwa ce 'yar sha bakwai, kuma tana da farfaɗiya. Maganinta ba ta wasa da shi, safe da yamma, har ta manta rabonta da faɗuwa. Mutanen gida ne dai ba su manta ba. Sun raba ta da risho, sun raba ta da keke, sun cire sakatar banɗaki saboda ita. Duk ta shanye. A makaranta ma da ƙawaye suka fara jan kujerunsu gefe, haƙuri ta yi. Amma wannan ɗan Yaya ne fa, jininta.

Ranar ɗakin Yaya ya cika da masu zuwa ganin jariri, yana ta yawo daga hannu zuwa hannu. Auta ta wanke hannunta da sabulu har gwiwa, ta zauna a bakin gado kusa da Goggo, ƙanwar babansu, don ta lura daga Goggo sai ita. Goggo ta gama yi masa wasa da tsiyar wai hancin ubansa ya kwaso, ta juyo, suka haɗa ido. Sai baiwar Allah ta miƙa shi ta saman kan Auta ga matar da ke gaba.

"Auta, tashi ki kwaso mana shanya," in ji Mama da sauri.

Ta tashi ta fita. Kayan ko tsanewa ba su yi ba. A bayan igiyar ta tsaya ta yi kukanta, ta share fuska da zanen jaririn.

Da baƙi suka watse, Auta ta tsaya a ƙofa.

"Yaya, na tambayi likita da bakina. Ya ce zan iya ɗaukar yaro, in dai na zauna a ƙasa kan katifa, da mutum a kusa."

"Likita! Shi ya yi naƙudar?" in ji Mama. "In kika sake shi fa?"

"Haba Mama," in ji Yaya. "Jawo katifar, Auta."

Wayyo, zo ka ga murna! Ta shimfiɗa katifar a tsakar ɗaki, ta zauna, ta tanƙwashe ƙafa, ta buɗe hannuwa. Yaya ta durƙusa a gabanta da yaron.

"To malam, ga ƙaramar mamarka. Kada ka yi mata fitsari."

Auta ta ji ɗumin zanen a fatarta, ta ji ƙamshin hodarsa. Ta jira nauyin ya sauka. Shiru. Ta leƙa ƙasa, sai ta ga hannuwan Yaya cikin zanen, ɗaya a ƙeyarsa, ɗaya a bayansa. Mama kuwa ta zagayo ta bayanta ta dafa mata kafaɗu.

"Kin ji shi ko?" in ji Yaya tana murmushi. "Lukuti ne, wallahi."

Auta ta dubi fuskar yayarta. Da ƙiyayya ta gani, da ta samu abin yin faɗa. Tsoro ta gani, da ƙauna, da roƙon kada ta gane. Wannan ya fi na Goggo ciwo.

"Na ji, Yaya," ta ce. "Yana da nauyi."

A hankali ta zare hannuwanta daga ƙarƙashin zanen, ta ɗora su a cinya. Yaron ko motsi bai yi ba. Yaya ta ci gaba da yi masa wasa, tana cewa ya ga yadda ƙaramar mamarsa ta iya ɗauka.