Injin Yaya da Ruwan Tarwaɗa

A gidan su mijinta, duk namijin da ya tasa yakan iya kwance injin ruwa kafin ya iya aske gemu. Uban ya yi sana'ar haɗa famfo har ya koma ga Allah, 'ya'yan suka gada, kuma akwai abu guda da ba a musu da su a kai: in ruwa ya yi gardama, a ƙara masa inji. Amarya ta san haka tun shigowarta. Har yanzu Amarya suke ce mata, ga 'yarta ta isa makaranta.

Yarinyar, wadda baffanta ya laƙaba wa Tarwaɗa don son wanka, ta faɗo daga matakalar bene ta karye a cinya. Aka yi aiki aka sa ƙarfe. Ranar da aka kwance ƙafar, sai ta fito siririya kamar an aro ta. Likitar motsa jiki ta ce a riƙa sa ta tafiya cikin ruwa kullum, don ruwa yana ɗauke wa ƙafa nauyi, amma ta ja kunne cewa wurin ɗinkin bai gama ƙwari ba, kada ruwan datti ya taɓa shi. Shi ya sa aka kafa tafki a bayan gida, irin na tamfol mai ƙarafuna da ake ɗorawa a kan siminti, da ɗan tsani a gefe, ruwansa iya ƙirjin yarinyar.

Tafkin ya zo da ɗan injinsa da matatar ruwa ta takarda mai ninki, ba ta fi gwangwanin madara ba. Bayan katangar kuwa shagon kafinta ne, dusar katako na tashi wuni guda tana sauka a ruwan. Amarya ta wanke takardar da safe, ta wanke da yamma, ta zuba magani yadda aka rubuta, amma ruwan ya koma kamar na wankin shinkafa. Sai ta hana yarinyar shiga. Tarwaɗa ta zauna a kujera tana kallon tafkin tana kumbura baki, ƙafar kuwa tana ƙara sanƙarewa.

A haka Yaya, wan mijinta, baffan yarinyar, ya iso da wani jibgegen inji a bayan mota, wanda ya ciro daga wani otal da aka sabunta. Ya ce kyauta ce ga 'yarsa. Ya zagaya tafkin, ya taɓa ɗan injin da ƙafa, ya tambaya ko na hura balan-balan ne. Amarya ta kawo masa ruwa ta tsaya gefe. Ta tambaya a hankali ko ƙaramar matatar za ta iya da wannan ƙarfin.

"Amarya, ki riƙe ludayi, ki bar mana tiyo," in ji shi, yana dariya.

Da aka kunna, ruwan ya hau juyawa kamar ana dama shi. Mijinta ya gyaɗa kai, Yaya ya ɗaga Tarwaɗa ya tsoma ta. Ba ta yi taku biyu ba ruwan da ke fitowa ya bugi ƙafar mai ciwon, ta tafi luu, rigarta ta manne a bakin ramin da ke zuƙar ruwa. Amarya ba ta san lokacin da ta haye tsanin da zaninta ba. Ta fizgo yarinyar, ta fito da ita, ta wuce kai tsaye ta zare wayar daga bango. Da ta buɗe gidan matatar, takardar ta yage gida biyu, duk dattin da ta tara ya koma cikin ruwan. Yaya ya ce abu mai sauƙi ne, a cire matatar gaba ɗaya, ƙarfin inji kaɗai ya isa ya hana ruwa lalacewa. Ya ce zai dawo da kayan aiki ya gyara haɗin.

Bayan tafiyarsa mijin ya bi ta ɗaki yana lallashi. Ya ce ta yi haƙuri, Yaya ne ya riƙe su bayan rasuwar ubansu, ba a mayar masa da kyauta. Ta gama shafa wa yarinyar mai a ƙafa, ta rufe kwalbar, sannan ta ce ita ba ta mayar da kyauta ba, ta dai zare waya, kuma duk wanda ya sake jona ta zai same ta tsaye a wurin.

Washegari ta auna faɗin tafkin da zurfinsa da tef ɗin ɗinkinta, ta ɗauki hoton ɗan injin, ta sa yagaggiyar takardar a leda, ta hau mota zuwa layin masu kayan ruwa. Shagon da ta shiga matsattse ne, tiyo a rataye har rufi, warin maganin ruwa yana hawa kai. Mai shagon ya dubi ledar ya ce wa ya yi wannan aika-aikar. Ta ce wani babba ne, a bar shi a haka.

Ya nuna mata iri uku. Ta takarda tana tace ƙananan datti, amma a wuri mai ƙura sai mutum ya zama bawanta. Akwai mai garin hoda, ta fi duka tacewa, sai dai hodar ba ta son a shaƙa, ga wahalar wanki. Sai mai yashi, tulu ne na roba da hannu a ka, in ta cika da datti a murɗa hannun ruwa ya wanke ta ta baya. Amarya ta ture mai hoda tun kafin ya rufe baki, ta ce tana da yarinya mai sa hanci a komai. Ta tambayi abin da ya kawo ta: inji ne ya kamata ya fi girma ko matata? Ya ce matata. Inji ya isa in zai iya zagaya ruwan tafkin duka a wunin aiki guda, nata ɗan ƙaramin ma ya kusa, amma in inji ya fi ƙarfin matata, tura dattin zai yi ya wuce. Ya ɗauko mata mai yashi daidai awonta, da matsakaicin inji.

Ta dubi tulun ta ce ya ba ta na gaba da shi a girma. Ya ce hajiya, wannan ya ishe ki. Ta ce shi bai ga kafintan bayan gidanta ba. Ta sa ya haɗa mata da marfi mai raga na bakin ramin zuƙa, ta sa ya nuna mata haɗin a ƙasan shagon, ta kwance ta sake haɗawa da hannunta har sai da ta daina tambaya.

Da ta dawo, motar Yaya na ƙofar gida. Ya zo da akwatin kayan aiki, ya kuma zo da Hajiya, uwarsu, an sa mata kujera a inuwa. Direban da ya kawo Amarya ya sauke tulun da buhunan yashi a gabansu. Ta durƙusa ta gai da Hajiya, ta gai da Yaya, ta miƙe.

"Yashi kika sayo?" in ji Yaya. "Da kin faɗa, ai da na ɗebo miki a bakin titi."

"Yaya, na gode da injin. Amma ba zai shiga ruwan nan ba."

"A gidan ƙanina?"

"A ruwan da ƙafar 'yata za ta shiga."

Hajiya ta ce Amarya ta ji tsoron Allah, mutumin nan tun ba a haife ta ba yake wannan aiki. Amarya ta amsa cewa ba ta musa ba, in tankin bene ne ko rijiya, ba wanda za ta kira sai shi. Amma shi aikinsa ya tura ruwa sama, ita kuwa so take ruwan ya tafi a hankali ya fito da tsabta, kuma jiya da idonta ta ga yarinyar ta kife. Ta je ta tsaya a gaban soket ɗin, ta ƙi matsawa.

Yaya ya dubi ƙaninsa. Mijin ya dubi ƙasa, ya dubi tagar da Tarwaɗa ke leƙowa, sannan ya sunkuya ya fara kwance tiyon babban injin. Yaya ya rufe akwatinsa, ya ɗora injin a mota shi kaɗai, ya ƙi a kama masa. Hajiya ta bi shi tana cewa yaran yanzu sai addu'a.

Su biyu suka haɗa tulun, ita tana faɗa, shi yana ɗaurewa, yana gunaguni cewa ta jawo masa abin da zai daɗe yana gyarawa. Ta ce ta sani, kuma za ta je da kanta ta ba Yaya haƙuri kan fuskar da ta ɓata masa, amma ban da injin. Suka zubar da tsohon ruwan, suka wanke tamfol, suka tara sabo.

Ba ta bar yarinyar ta shiga nan take ba. Sai da ruwan ya kwana ya wuni yana zagayawa, kafinta ya yi ta aikinsa, ta leƙa ta ga ɗinkin tamfol a ƙasa tar. Sannan ta shiga da kanta, ta tsaya a gaban mafitar ruwan ta ji yana shafar ƙafarta a hankali. Ta miƙa hannu mijin ya miƙo mata Tarwaɗa.

Yarinyar ta riƙe ƙarfen gefe, ta ja ƙafar mai ciwo, ta dafa, ta sake ja. Ta tambaya ko Baffa zai zo ya gani. Amarya ta ce ba yau ba, ta ja da baya kaɗan, ta ce mata ta saki ƙarfen ta taho.