Kafaɗar Tavarius

Shekara ashirin da uku ina wannan aiki: in shiga mota in bi jami'o'in kudancin Amurka, in zauna a benci da littafina, in kalli samari suna wasan ƙwallon Amurka, wanda ake jifa da hannu, in rubuta wa ƙungiyarmu wanda ya isa a ɗauka ranar zaɓen sababbin 'yan wasa da wanda bai isa ba. Masu jifa ne ɓangarena, waɗanda ƙwallo ke fara shiga hannunsu, wasan duka ya rataya a wuyansu. Na sha rubuta abin da ya kashe wa ɗan wani kasuwa, in ci abincina hankali kwance. Ban san abin yana da ciwo ba sai da ya zo kan Tavarius Gholston.

Ubansa Cedric abokina ne tun muna sakandare a Mississippi. Ni na tsaya masa ranar aurensa da Odessa, ni kuma na kama gaban akwatin gawarsa lokacin da ciwon zuciya ya tafi da shi, Tavarius yana ɗan shekara tara. Sunana Lemuel Pettway, amma Kawu yake ce mini tun bai iya magana sosai ba.

Ya tashi da hannu irin na ubansa, har ya fi shi. A shekararsa ta ƙarshe a jami'a jaridu suna cewa ba zai wuce zagaye na biyu na zaɓen ba a ɗauke shi ba. Odessa ta yanka kowace jarida ta manna a jikin firij.

A wani wasa na watan Nuwamba na ga abin. Kafin hutun rabin lokaci ƙwallonsa na tafiya kamar kibiya. Da ya yi jifa wajen talatin sai gwiwar hannunsa ta fara sauka, ƙwallon da ya aika nesa tana lilo a iska kafin ta isa. Da aka tashi kuma, da hagu ya cire hular kwanonsa. Na koma ofis na kalli bidiyon wasanninsa shida, duk haka ne.

Na gayyace shi cin soyayyen tarwaɗa a wani shago kusa da makarantarsu.

"Tun yaushe kafaɗar nan take damunka?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Wace kafaɗa? Kawu, tsufa ya fara taɓa maka ido. In aka ɗauke ni, tabarau zan fara saya maka."

"To. Miƙo mini barkonon can da ke kan kanta."

Kantar tana damansa, sama kaɗan da kansa. Sai ya juya jikinsa gaba ɗaya ya ɗauko da hagu. Ya ajiye kwalbar a gabana.

"Tun Satumba," ya ce. "Ba wanda ya sani, ko Mama. Wata biyar kawai nake nema, Kawu. A kira sunana tukuna, sai a yi mini duk aikin da za a yi."

"Ƙattin da za su riƙa faɗo maka a can ba irin na makaranta ba ne. Hannun za ka rasa."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Shiru kawai za ka yi."

Ina iya zuwa wurin maigidana in ce yaron nan kamar ɗa yake a wurina, a ba wani ya duba shi. Na yi tunanin haka, na ga cewa ba a san wanda za a ba ba, kuma ina so a ji alherinsa daga bakin da ya san shi. Na rubuta shafi uku. Biyu yabo ne zalla. A na uku na ce likitoci su ɗauki hoton cikin kafaɗarsa ta dama.

Da aka tara 'yan wasan don gwaji a watan Fabrairu likitocinmu suka nemi hoton. Jijiya ta yage. Irin wannan sakamako kuwa kowace ƙungiya ana ba ta.

Kwana uku ake zaɓen. Na farko da na biyu suka wuce ba a kira sunansa ba. Ranar Asabar, ranar ƙarshe, na nemi izini na bar ofis na tafi gidan Odessa. Ta kafa rumfa a tsakar gida, an fito da talabijin, 'yan cocinsu sun cika kujeru, ana gasa haƙarƙari. Tavarius yana zaune cikin sabuwar kwat mai ruwan toka, wayarsa a kan cinya. Sau ɗaya ta yi ƙara, wuri ya yi tsit, mata suka kama hannun juna. Ashe gwaggonsa ce daga Memphis take tambayar a wace tasha ake nunawa.

Aka kira suna sama da ɗari biyu da hamsin, babu nasa. Mutane suka fara sulalewa, kowa ya dafa shi ya ce Allah yana sane. Shi kuwa murmushi yake yi musu yana godiya.

Odessa ta same ni a kicin.

"Lemuel, wa ya ce a ɗauki hoton nan?"

"Ni ne."

"Ya roƙe ka?"

"Ya roƙe ni. Odessa, da sun saka shi a fili da wannan kafaɗa..."

"Ban tambaye ka dalili ba."

Ta ɗauko faranti ta zuba nama da ganye da burodin masara, ta rufe da takarda ta miƙo mini. "Ka gaida gida," ta ce. Daga ranar ba ta sake ɗaukar wayata ba.

An yi masa aiki a watan Mayu. Hannun ya warke, amma ƙarfin jifan bai dawo ba. Wata ƙungiya ta kira shi gwaji, ta sallame shi bayan kwana uku. Ya koma garinsu ya kama aiki a kamfanin sayar da injinan noma.

Bayan shekara biyu, wata Lahadi da rana, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, ya yi ƙiba kaɗan, da rigar kamfaninsu. Na ce ya shigo ya zauna, ya shigo amma bai zauna ba.

"So nake in ga abin da ka rubuta."

Dokar aikinmu ta hana. Na buga masa na kawo. A tsaye ya karanta, a hankali, leɓensa yana motsi. Da ya gama sai ya koma shafin farko ya ɗora yatsa.

"Nan ka ce shekara goma ba ka ga mai karanta fili kamar ni ba. Da gaske kake, ko don ka wanke na bayan ne?"

"Da gaske nake."

"To me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Ya ninke shafin farko ya saka a aljihun rigarsa, ya bar mini sauran biyun a kan tebur.

"Sai an jima, Mista Pettway," ya ce, ya ja ƙofar ya fita.